Ranar da Malam Dalhatu Ya Goge Bas

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, a nan Gyaɗi-Gyaɗi motoci ne suka riga mutane shiga siyasa. Motar da ka sani fara sol, sai ka wayi gari ka gan ta sanye da fuskar wani bawan Allah, hula a karkace, yana yi wa kowa murmushi har da wanda bai gaishe shi ba. To a wannan lokacin ne Mansur, ɗan maƙwabcinmu Malam Dalhatu, ya dawo daga Ikko da wata 'yar jaka a kafaɗa.

Malam Dalhatu tsohon direban gwamnati ne, ya ja manya har ya gaji ya yi ritaya. Kafin ya samo wa Mansur aikin akawu a sakateriya, takalminsa ya sha ƙasa, ya gaida wanda ya girme shi ya gaida wanda ya haifa. Yaro ya zauna a kan kujerar nan, ya ga zaman bai karɓe shi ba. Sai ya ɗauki hutu ba albashi, ya bi wani abokinsa kudu, ya koyo liƙa sitika a jikin mota. Ba 'yan ƙananan nan da ake mannawa a gilas ba. Wata babbar leda ce mai gam a bayanta, da ita ake lulluɓe mota gaba ɗaya har a manta kalar fentinta.

Ranar da ya dawo ya zazzage jakar a tsakar gida. Ga wata roba mai faɗi kamar tafin hannu, an naɗe bakinta da ƙyalle mai laushi. Ga reza mai kube, ga tef ɗin awo, ga maganaɗisu, ga salatif, ga allura. Babban abin ciki handiraya ce, irin wadda mata ke busar da gashi, sai dai ita wannan in ta hura ka sai ka yi salati.

Malam ya dubi kayan ta saman tabarau.

"Kayan aikin ke nan? Reza da allura? Ai da wanzanci ka koyo, ko ba komai a san sunan sana'arka."

Mansur ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mahaifiyarsa Fatsuma ta ce, "Malam, a bar yaro ya sha ruwa tukuna mana."

"Ya sha. Wa ya hana shi?"

Ana cikin haka aiki ya samu. Alhaji Lawan mai tayil, na Tarauni, ya fito neman kansila, yana so a lulluɓe masa bas ɗin da yake ɗaukar kaya da ita. Daga Ikko aka bugo ledar, kore da fari, da hotonsa a kowane gefe. Saiti ɗaya tak aka bugo, in ta lalace babu wata. Taron kamfe ranar Asabar bayan la'asar, hutun Mansur kuma Litinin yake ƙarewa.

Malam ya kira shi ya yanke magana. "Ka yi wannan aikin. In mai mota ya karɓa da farin ciki, na sallame ka, ka yi ta liƙe-liƙenka. In bai karɓa ba, Litinin ka saka rigarka ka koma ofis, kuma kada in ƙara jin zancen."

"Na yarda, Baba."

Daga nan Malam bai ƙara ko kallon inda motar take ba. An kawo ta an ajiye a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu, shi kuwa in zai wuce masallaci sai ya bi ta ɗaya gefen kamar an ajiye masa bashi.

Ranar Juma'a da aka sauko, Mansur ya tuɓe ya hau wanki. Ya wanke da omo, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Ya bi lungun ƙofofi da tsohon burushi. Ya bar ta ta bushe, sannan ya bi ta kaf da sifirit irin na asibiti. Da ya gama, motar ta yi fururu, ba ƙyalli ko na anini. Shi kuwa daɗi ya kama shi. Ya ja yatsa a jikinta, ta yi ƙiiƙ.

Ya ce, "Inna, kin ji? In ta yi wannan kukan to babu sauran maiƙo, gam zai kama. Gobe da sassafe zan je Tarauni in ɗauko ledar. In da hali a karkaɗe mini ƙura da busasshen tsumma kafin in dawo."

Ya gargaɗi yaran layi kada su taɓa motar, ya gargaɗi Tanko mai shayi da ke jingina benci a jikin bishiyar. Mutum ɗaya ne bai yi wa magana ba, don wa zai kawo shi a rai?

Asabar da safe Malam yana dawowa daga masallaci, Mansur ya riga ya fita. Layi ba kowa. Ya tsaya. Karon farko ya ƙare wa bas ɗin kallo, ransa ya sosu. Shi da ya yi shekaru bai taɓa barin mota ta fita gaban manya da wannan fuskar ba! Wai haka yaron nan zai nuna wa Alhaji Lawan mota, kamar wadda ta tashi daga jinya?

Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Ba a yabonsa, ba a ce masa sannu da aiki, ko sunansa ba a cika kamawa. Bakin Malam ba zai iya cewa Allah ya taimaka ba. Amma hannunsa zai iya. Ya shiga ɗaki ya lalubo gwangwanin madara, ya yi haɗinsa na tsofaffin direbobi, kananzir da ɗan man juye sabo. Ya samo tsohuwar singileti. Ya bi motar nan daga bamba zuwa but, yana shafawa yana murzawa, yana hura mata iskar baki yana ƙara murzawa. Gugar Malam ba ta barin danshi a hannu, sai ƙyalli. Da ya ga gemunsa a jikin ƙofa, ya ɓoye gwangwani, ya wanke hannu, ya tafi sayen ƙosai kamar ba shi ba.

Mansur ya dawo da naɗin leda a kan mashin. Ya ga mota tana walƙiya, ya ce a ransa, kai Inna ta iya karkaɗe ƙura. Ga sauri, ga mutane sun fara taruwa, don a lokacin ba kowa ya taɓa ganin yadda ake yi ba.

Da ƙofar but ya fara, don ita ce mai sauƙi, ledarta koriya ce zalla da sunan Alhaji a tsakiya. Ya ɗora ledar ya danne da maganaɗisu, ya auna dama ya auna hagu, ya ja salatif a tsakiya ya raba ta biyu. Ya ɓare takardar baya ta rabin sama ya yanke, ya sa robar nan yana shafawa daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, yana koro iska waje. Ya yi wa rabin ƙasa haka. Ta kwanta lumui. Tanko ya ce, "Tabarakalla! Kamar da ita aka ƙera ta."

Mansur ya cire maganaɗisu, ya juya zai ɗauki reza ya gyara gefe. Sai ya ji mutane suna, "Kai! Kai! Kai!"

Ledar ce take sulalowa. A hankali take tahowa abinta, kamar zani a ƙugun ƙaramar yarinya. Kafin ya kai hannu ta faɗi a ƙasa ta kife, gam ɗin ya kwashi yashi da busasshen ganye.

Ya ja yatsa a jikin motar. Ba kuka, sai santsi. Ya kai hanci, ya ji kananzir.

Tanko ya buga ludayi a tebur. "Wallahi aikin 'yan ɗaya jam'iyyar ne! Tun jiya na ga wasu suna zagaye a nan. A je a gaya wa Alhaji!"

Wuri ya ɗauki hayaniya, kowa ya ga wani da bai yarda da shi ba. Ana haka sai ga Malam, ledar ƙosai a hannu. Bai lura da abin da ke ƙasa ba, bai kuma dubi ɗansa ba. Motar ya duba, ya yi wa Tanko magana yadda kowa zai ji.

"Tanko, ka ga yadda ake goge mota ko? Ba irin wankin yaran yanzu ba, su bar ta fari fat kamar ƙafar mai dakan gero. Kananzir kaɗan, man juye kaɗan, sauran kuma ƙarfin hannu ne."

Tanko ya duƙa yana hura wutar da take ci da kanta.

Mansur ya dubi mahaifinsa, ya ga yadda fuskar tsohon take haske. Ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya durƙusa.

"An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya tashi ya zagaya bayan mota, ya ɗauki ledar da ta mutu yana naɗewa.

Fatsuma duk tana ji daga soro. Ita sana'arta ƙunshi, duk amaren unguwar nan ta wajenta suke bi, kuma ƙunshin salatif take yi, wanda ake yanka zane a manna a ƙafa kafin a sa lalle. Ta ɗaga labule kaɗan.

"Malam, ɗan zo mana."

Ya shiga yana murmushi. Ta rage murya.

"Malam, ko ƙafar amarya ce, in ta sha mai salatif ba ya kama ta. Wankin da yaron nan ya duƙufa yana yi jiya, maiƙo yake cirewa. Ka mayar masa da shi tsaf, har da gyara. Ledar but ta riga ta tafi."

Malam ya tsaya da ledar ƙosai a hannu.

Ta ce, "To ai shi ke nan, ka ci nasara. Litinin sai yaro ya koma ofis."

"Ni na ce miki irin wannan cin nake so?"

Ya miƙa mata ƙosan. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa, ya cire hula, ya naɗe ƙafar wando. Mutanen layi ba su taɓa ganin Malam Dalhatu daga shi sai singileti ba, sai ga shi ya fito da bokiti a kowane hannu. Ya tsaya a kan Mansur.

"Kai. Faɗa mini yadda ake yi."

"Haba Baba, da dai ka bari ni..."

"Na ce faɗa mini."

Mansur yana kallon ƙasa ya ce, "Ruwan zafi ne da omo, Baba. Sai sifirit. Nawa ya ƙare jiya."

Tanko ya sauke tukunyar shayinsa ya juye musu ruwan zafin duka, ya ce yau masu shayi su sha haƙuri. Ya hau mashin ɗin Mansur ya nufi kemis ɗin bakin asibitin koyarwa neman sifirit. Fatsuma ta leƙo ta katanga ta yi mana magana, mu matan maƙwabta, kowane gida aka ɗora tukunya. Uba a gefen dama, ɗa a gefen hagu, kumfa har gwiwa. Man nan kuwa ya shiga jiki, don Malam ba ya aikin wasa. A wanke, a ɗauraye, a ja yatsa, santsi. A sake.

Wani dattijo abokin wasan Malam ya zo wucewa, ya dogara sanda. "A'a, Dalhatu! Fanshon ne bai fito ba aka koma wankin mota? In kawo kekena?"

"Kawo, in haɗa da kai. Ka fi motar buƙata."

Sai da hantsi ya yi sosai sannan aka bi ta da sifirit. Malam da kansa ya ja yatsa a ƙofa. Ta yi ƙiiƙ. Ya waiwayo da sauri kamar yaro. "Ta yi kuka! Kai, ka ji? Ta yi kuka!"

Aka ɗauko ledar gefe, mai hoton. Wannan doguwa ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. Malam ya riƙe ƙarshe, Mansur yana ɓare takarda kaɗan kaɗan yana bi da roba.

"Baba, ɗan ja. Kada ta taɓa jiki sai na iso. Ya isa, ya isa, kada ta miƙe."

"To ka ce ja, ka ce ya isa. Wanne zan ɗauka?"

"Tsakiyarsu, Baba."

Fuskar Alhaji ta fara fitowa, hula, goshi, ido. Da aka zo hanci sai iska ta maƙale, ya kumbura kamar rina ta harbe shi. Mansur ya ɗauko allura. Tanko ya ce, "A yi masa a hankali don Allah, bai ci zaɓe ba tukuna." Ya huda gefen kumburin, ya danna da babban yatsa, iska ta fita, hanci ya koma na mutane. Aka yi shewa.

An gama shimfiɗa gefe biyun, an yanke wajen tagogi, saura lanƙwasa: saman taya, mariƙin ƙofa, kusurwar bamba. Nan ne sai an gasa ledar ta yi laushi kafin ta bi jikin ƙarfe. Mansur ya jona handiraya ta wayar da ya jawo daga soro, ta yi huu, ta yi shiru. An ɗauke wuta.

Ya zauna a kan benci. Tun safe bai karaya ba sai yanzu.

Fatsuma ta ce daga bayan labule, "Zafi kawai ake so, ko sai na wannan abar?"

"Zafi ne, Inna. Amma mai sauƙi, ba harshen wuta ba."

Jim kaɗan ta turo kaskon turarenta cike da garwashi, da mafici a kai. Malam ya ɗauka ya tsuguna a gindin taya. Yana fifitawa, zafi yana bugun ledar, Mansur yana taɓa ta da bayan hannu.

"Matso, Baba. Ja baya kaɗan, za ta ƙanƙance. Yauwa, nan."

Ledar ta saki jiki. Ya ja ta, ya tura cikin lanƙwasa da yatsa a naɗe da ƙyalle, ya yanke saura, ya cusa baki ta ciki. Kaskon kuwa da sauran turare a gindinsa, nan da nan layi ya ɗauki ƙamshi. Tsohon direba yana tsugune, gumi yana ɗiga ta gemu, yana turara mota kamar ɗakin amarya. Abokin wasan nan nasa da ya ƙi tafiya ya ce saura guɗa.

Bayan azahar komai ya kammala, sai ƙofar but. Tana nan fara, da tabon tsatsa a ƙasa, a jikin mota koriya shar. Abin da ya rage na leda guntayen da aka yanko daga tagogi ne. Mansur ya jera su ya gwada, ya girgiza kai. In aka haɗa su faci zai fito, kowa zai gani.

Fatsuma ta ce a miƙo mata guntayen. Ta zauna a soro, ta kifa faranti a cinya, ta ɗauki rezarta. Hannun da ya saba da ƙafar amare bai san wata mota ba, abin da ya iya shi ya yi. Ta yanko ganye, ta yanko reshe mai lanƙwasa, ta yanko fure da 'yan ɗigo-ɗigo. Mansur ya yanka haruffan sunan Alhaji. Malam yana karɓowa daga soro ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, Mansur yana mannawa. Babban fure ya zauna daidai kan tsatsar nan.

Ana kiran la'asar Alhaji Lawan ya iso da jama'arsa. Ya zagaya dama, ya gaisa da fuskarsa. Ya zagaya hagu, ya shafa, ya nemi kumburi bai samu ba. Ya shaƙi iska ya ce, "Har da turare?" Sannan ya zagaya baya, ya tsaya cak.

Mansur ya matso. "Alhaji, wato abin da ya faru..."

Malam ya sha gabansa, har yanzu daga shi sai singileti. "Alhaji, ledar nan ta baya ni na ɓata ta. Na shafa wa motar mai ban sani ba. Yaron nan aikinsa ba aibu. In da magana, da ni za a yi."

Alhaji ya ƙara matsowa. Ya karkata kai yana bin reshen nan da ido har inda ya naɗe sunansa.

"Wa ya yi wa motata ƙunshi?"

Can daga cikin soro wata murya ta ce, "Ba a biya kuɗin lalle ba dai tukuna."

Alhaji ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. "Wallahi ko makaho ya laluba ya san hannun mata ne! Jama'a, duk motar da ta biyo mu a baya yau sai ta yi kallo. Kuma matan Tarauni su ga ban manta da su ba." Ya juya ga Mansur. "Akwai a-kori-kura a shago. Ita ma haka nake so, da ƙunshinta."

Mu da ke bayan ƙofofi ai ba mu jira an ce ba, muka saki guɗa. Motar ta tashi, yara suka bi ta da gudu har bakin titi. Zaɓe dai Alhaji bai ci ba, amma bas ɗin ta daɗe tana kai tayil Hotoro da Unguwar Gano da furanninta, ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba.

Malam kuwa ranar bai ce uffan ba. Ya yi wanka ya ci tuwo. Lahadi ma shiru. Mansur ya kasa tambaya, ya ce wa kansa ai ba ledar da aka bugo aka kai wa mai mota cikakkiya ba, wataƙila a wajen Baba sharaɗi bai cika ba. Litinin da safe ya goge rigarsa ta ofis ya saka, ya fito tsakar gida. Ya tarar da Malam cikin babbar rigarsa ta Juma'a yana gyara zaman hula.

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Ina zuwa da wannan rigar?"

"Ofis, Baba. Na ji ba ka ce komai ba."

"Sai na ce? Je ka cire ta kada ta sha gam. Ni na roƙo kujerar nan, ni zan je in yi musu godiya in ce su ba wani."

Ya kai bakin soro ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kuma darbejiyar nan tana zubo ganye a kan aiki. In na dawo a nemo kafinta, rumfa za a yi."